Kajina sun fige, ƙwansu kuma ya ƙi kyau

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Zariya. Ina da kaji 14 jajaye irin na gidan gona da zakara ɗaya, a wani ɗan ɗaki mai rufin kwano a bayan gida. Na saye su suna gab da fara ƙwai, yau wata 11 ke nan. Da can ina kwasar ƙwai 11 ko 12 a rana, da kuɗin nake biya wa yara Islamiyya, in ɗan taɓa cefane. Tun shigowar zafin nan komai ya canja. Gadon bayansu da gindin wutsiyarsu sun fige har ana ganin jar fata. Ƙwan ya koma 5 ko 6, wani ɓawonsa kamar takarda, wani da gurji-gurji kamar an yayyafa masa yashi, wani ya yamutse, shekaranjiya ma na tsinci ɗaya babu ɓawo sam, sai fata. Babu wadda ta mutu, suna ci suna sha. Gaskiya da abinci ya yi tsada na fara gauraya shi da dusar masara rabi da rabi, wata uku ke nan. Na zuba musu kafso ja da rawaya a ruwa, ban ga canji ba. Maƙwabciyata ta ce baki ne, maigidana ya ce in sayar kafin su mutu. Yaya zan yi? Kuma irin wannan ƙwan zai ciwu?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sa wa neman albarka, ya raya yaran. Ki kwantar da hankalinki, kada ki yi gaggawar kai su kasuwa. Kaza figaggiya a tsakiyar bazara, mai saye zai taya ta ne da kuɗin wulaƙanci, alhali abin da kika zayyana mini bai yi kama da ciwon da ke share akurki ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a ganina ke da kanki kin faɗi inda tsamin ya fito, a wannan magana ta rabi da rabi. Ban ga laifinki ba. Duk mai kaji ya san yadda gabansa ke faɗuwa in ya je sayen buhu ya ji sabon farashi, kuma dusa ita ce abu na farko da hannu ke kaiwa gare shi. Amma bari in nuna miki abin da dusar nan take yi a jikin kazar.

Ɓawon ƙwai kusan dukkansa sinadarin kalsiyam ne haɗe da kabonet, irin abin da ke cikin alli. Kowane ƙwai ɗaya yana fita da kusan giram 2 na kalsiyam daga jikin kaza. Tunda ba duk abin da ta ci hanjinta ke tsotsewa ba, sai ta samu kamar giram 4 a abincinta na yini kafin ta biya wannan bashi. Shi ya sa masu haɗa abincin kaji masu ƙwai suke sa kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4 cikin 100, da furotin, wato sinadarin gina jiki, kashi 16 zuwa 18. Dusar masara kuwa furotin ɗinta bai wuce wajen kashi 10 ba, kalsiyam ɗinta kuma kusan babu. Da kika haɗa rabi da rabi, kwanon ya cika a ido, cikin kaza ma ya cika, amma kalsiyam ya ragu da rabi, furotin ya sauko wajen kashi 13. Kaza tana cin giram 110 zuwa 120 ne a rana, cikinta ba zai ɗauki ninki biyu ba don ta cike giɓin.

Abin da ke ba ni tausayi game da irin waɗannan jajayen kaji shi ne ba su san su dakata ba. Kazar gida in abinci ya yi mata kaɗan sai ta tsayar da ƙwai, ta huta. Ita wannan an tace irinta ne don ta yi ƙwai kusan kullum, saboda haka in ba ta samu a kwano ba sai ta ciro daga ƙashinta. Wata uku ke nan kajinki suna zare kalsiyam daga ƙasusuwansu suna lulluɓe ƙwan da kike kwasa. Yanzu rumbun ya kusa ƙarewa, shi ne kike ganin ɓawo kamar takarda. In aka ci gaba a haka, mataki na gaba shi ne ki wayi gari ki tarar da wata a zaune ta kasa tashi, ƙafafu sun ƙi ɗaukarta, ido kuwa garau.

Gashin ma daga kwanon nan ɗaya matsalarsa ta taso. Gashin kaza kusan kashi 90 cikin 100 furotin ne. Kazar da furotin ya yi mata ƙaranci takan fara tsinke gashin 'yar'uwarta ta haɗiye, kuma inda baki ya fi saurin kaiwa shi ne gadon baya da gindin wutsiya, daidai inda kika ambata. Ga yadda za ki tabbatar: gobe da safe ki duba ƙasan ɗakin. In kin ga gashi birjik a ƙasa, zuba yake da kansa. In kuwa kaji sun fige amma ƙasa fes, babu gashi ko ƙwara, to cinye shi suke yi. Ki ɗauki kujera 'yar tsugunno ki zauna nesa kaɗan da la'asar, ki ba su minti 20. Za ki ga wata ta bi bayan wata, ta kai baki, ta fizga, ta haɗiye. Sau da yawa ɗaya ce ko biyu ke koya wa sauran, kuma mai laifin takan kasance wadda gashinta ya fi na kowa cika.

Sai zafi ya zo ya ƙara gishiri a miki. Kaza ba ta gumi, da haki take fitar da zafi. In kika ga sun buɗe baki sun saki fukafukai da azahar, wannan hakin yana fitar da iskar da jini ke buƙata don samar da kabonet ɗin ɓawo. Ga shi zafi na rage musu cin abinci. Rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke taɓa 40 a garuruwanmu, tanda ne. Ko gonar da ke ba da abinci mai kyau takan ga ɓawo ya yi laushi tsakanin Maris da Mayu, balle naki da aka riga aka rage musu.

To ga abin da nake so ki yi, kuma ki fara daga yau. Ki tsayar da dusar nan, ki koma abincin masu ƙwai zalla. Kaji 14 za su ci kusan kilo 1.7 a rana, buhu mai kilo 25 zai kai ki kamar kwana 15. Ki yi lissafi da kanki: ƙwai 6 da kike asara kullum, a kwana 15 ƙwai 90 ne, kiret uku cur. Ki gwada kuɗin kiret uku da rabin buhun da dusa ta tanadar miki, za ki ga araha ba ta yi ado ba. In aljihu ba zai iya ciyar da 14 da abinci mai kyau ba, gara ki rage su zuwa 9 ko 10 ki ƙosar da su, da ki riƙe 14 kina raba musu yunwa.

Bayan abincin, ki sa wani ɗan kwano daban da kalsiyam a ciki, su ɗiba gwargwadon buƙatarsu. Masu sayar da kayan haɗa abincin kaji suna da dutsen da suke kira laimiston, da garin ƙashi, ba su da tsada. Ki nemi mai tsakuwa-tsakuwa kamar ƙwayar dawa, ya fi gari laushi amfani. Dalili kuwa, ƙwai yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikin kaza, kusan awa 20 daga ciki a wurin da ake yi masa ɓawo yake, kuma yawancin aikin nan da dare ake yinsa, lokacin da kaza ba ta ci. Tsakuwar takan zauna a ƙundu tana narkewa a hankali har asuba, garin kuwa ya wuce tun da magariba. Saboda haka ki tabbata kwanon da abin a ciki da yamma. Ɓawon ƙwan da kuka ci ma kada ki zubar: ki gasa shi a kasko har ya bushe ƙayau, ki daka shi a turmi ya farfashe sosai, ki zuba musu. Kada ki jefa shi ɗanye da siffarsa ta ƙwai, za ki koya musu fasa nasu su sha, kuma wannan hali in ya kama kaza da wuya ya sake ta. Na san wasu za su ce ki jiƙa musu kanwa. Kanwa ba kalsiyam ba ce, danginta gishiri ne, in ta yi yawa zawo za ta sa su. Siminti da farar ƙasar fenti kuwa ko kusa kada su je bakinsu.

Don gashi ya dawo da wuri, ki ɗan ƙara musu abin gina jiki a gefe: soyayyen waken suya da aka niƙa, ko ɗan tunkuza, ko ƙurar busasshen kifi da ake sharewa a kasuwa, ko gara in akwai suri kusa. Waken suya sai an soya, ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Tunkuza da masara kuma ki shinshina, ki duba. Duk wanda ya yi fumfuna ki zubar, gubar da ke cikinsa tana lalata hanta, tana kuma rage ƙwai. Ki ɗaure damin zogale ko alayyafo ko yakuwa da igiya, ki rataye daidai tsayin kansu. Kazar da ta samu abin tsattsaga ba ta cika bin bayan 'yar'uwarta ba. Wadda aka riga aka ji wa ciwo har jini ya fito, ki ware ta yau ɗin nan, ki shafa mata shuɗin maganin nan na ciwo. Kaji in sun ga ja ba sa bari, suna iya yi wa ɗaya taron dangi su farke ta kafin ki idar da sallar azahar.

Zafin kuma, ki shimfiɗa zana ko karan dawa a kan kwanon, ki buɗe wa ɗakin taga ta gefe biyu da waya don iska ta ratsa. Ruwa ki riƙa ɗebowa daga randa, ki canja da hantsi da azahar da la'asar, domin kaza ba ta son ruwan da ya ɗumame, kuma shan ruwanta na iya ninkawa a bazara. Abinci ki ba su da sassafe, sauran kuma bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Ki auna ɗakin: kada ya wuce kaji 4 a kowace murabba'in mita, wato naki ya kai kamar mita 2 a tsaye, mita 2 a kwance. Wurin yin ƙwai kuma ya zama guda 3, a lungu mai duhu. Kazar da aka firgita ko aka tsangwama ƙwai na cikinta, ɓawon kan tsage a ciki ya sake ɗinkewa, sai ya fito da ɗamara a tsakiya ko gefe ɗaya a shafe. Yara masu bin kaji da gudu, da kyanwa ko ɓera da dare, duk suna jawo wannan.

Yanzu kuma, ban so ki ɗauki maganata ta abinci ki rufe ido ga sauran. Akwai dubawa biyu da zan roƙe ki ki yi, ba su cin ko kwabo.

Ta farko da dare ce. Bayan isha'i ki ɗauki tocila ki shiga ɗakin. Ki kama kaza ɗaya, ki buɗe gashin ƙarƙashin wutsiya da na hammata, ki haska. Ƙwarƙwatar kaji launin ƙasa-ƙasa ce, za ki ga tana gudu a kan fata, ƙwayayenta kuma fari-fari a dunƙule a gindin gashi. Daga nan ki haska tsagar bango da sandar da suke hawa, ki goga farin tsumma a ƙarƙashin sandar. Na taɓa yin makonni ina canja wa kajina abinci, suna ramewa, zankonsu na fari, sun ƙi shiga ɗaki da magariba. Da rana in duba jikinsu ban ga komai ba. Daren da na goga tsumma a ƙarƙashin sanda, sai ga shi ya fito da jirwayen jini, ashe wasu mitsi-mitsin jajayen ƙwari ne ke ɓuya a tsagar katako da rana, su fito su sha jini da dare. Raina ya ɓaci ƙwarai da na tuna daren da suka yi ta kwana a haka. In kin ga irin wannan, ki kwashe shimfiɗar ɗakin ki ƙona, ki kwarara tafasasshen ruwa a tsagogi, ki liƙe su, ki je wurin likitan dabbobi ya ba ki hodar da aka yi don kaji. Ki maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, saboda ƙwayayen da ba su mutu ba za su ƙyanƙyashe. Ki ajiye musu tsohon baho da yashi da toka su riƙa birgima. Ina roƙonki kada ki fesa musu fiya-fiya, kada ki shafa kananzir ko baƙin mai. Guba ce, tana ratsa fata, ga yaranki na cin ƙwan.

Tunda kina wurin, ki saurara. Kaji masu lafiya shiru suke kwana. In kin ji atishawa ko gurnani a maƙogwaro, ki riƙe wannan a ranki.

Dubawa ta biyu da safe ce. Ki ɗauki yamutsattsen ƙwan nan na ranar, ki fasa a faranti. Sabon ƙwai mai lafiya farinsa yana tsayawa da kauri a kewayen gwaiduwa. In ya malale tsararo kamar ruwa, ga ɓawon ya yamutse, ga launinsa ya koɗe daga ja zuwa fari-fari, ga atishawa da dare, to akwai alamar wata cutar mashaƙo ta kaji da ke taɓa mahaifar ƙwai. Wannan yamutsewar ita ce kaɗai abin da ya ɗan tsaya mini a wasiƙarki, don ƙarancin kalsiyam ya fi kawo laushin ɓawo da rashinsa. Akwai kuma wata cuta da aka fara ganowa a ƙasar Holan a 1976, mai sa kaji su yi ta zubo ƙwai marar ɓawo alhali suna nan garau. Agwagi ne ke ɗauke da ita, shi ya sa ba a son haɗa su kwanon ruwa ɗaya da kaji. Ita ma cutar Niyukasal, wadda ke share kajin ƙauye da hunturu, in ta zo da sauƙi a kan kajin da rigakafinsu ya kwana biyu, a ƙwai kawai ake ganinta. Dukkansu ƙwayar cutar bairos ce, kafso ba ya taɓa su. Ki daina ba su kafson nan, kuma ki tambayi likita kwana nawa za ki jira bayan an daina ba su kafin a ci ƙwan da suke yi, domin maganin yana sauka a cikin ƙwai.

Ba ki faɗa mini yaushe rabon kajin da rigakafi ba. In tun daga gona ne, ya daɗe. Masu kaji sukan maimaita Lasota, wato rigakafin Niyukasal, a ruwan sha duk bayan wata biyu zuwa uku. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin rigakafin Niyukasal, har da wani mai jure zafi da aka yi don kajin gida. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kaji 14, sai ku haɗa kuɗi da maƙwabta masu kaji ku yi rana ɗaya, a ɗauko ta cikin ƙanƙara, a shanye cikin awa biyu. Ba a yi wa kaza marar lafiya. Kuma ke da kike Zariya kin yi sa'a, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Ki ɗauki kaza ɗaya da ƙwai uku marasa kyau ki kai musu, gani ya kori ji. In kuwa, Allah ya kiyaye, kika ga sun fara mutuwa biyu-uku a rana, zanko ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, ko wuya ya murɗe da koren kashi, kada ki yanka, kada ki sayar, kada yara su taɓa. Ki sanar da ofishin dabbobi. A jiharku ta Kaduna aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Najeriya a 2006, ba abin wasa ba ce.

Maganar maƙwabciyarki, addu'a ba ta taɓa yin yawa, ki yi ta, Allah ya tsare mana dukiya daga kowane irin ido. Amma ki haɗa da gyaran kwano. Shi kuma zakaran, ki duba: in ƙeyar kaji ta fige tare da tsakiyar baya, kuma biyu ko uku ne suka fi shan wahala, aikinsa ne. Tunda ƙwan sayarwa kike yi ba na ƙyanƙyasa ba, ba ki buƙatarsa, kaza na yin ƙwai ko babu zakara. Ki ware shi wata ɗaya ki gani.

Ƙwan zai ciwu, ban da wanda aka yi lokacin da suke shan kafson nan. Mai gurji, mai ɗamara, mai yamutsa, duk lafiyarsu ƙalau muddin ɓawon bai tsage ba, a dafa ya dahu sosai. Su ki bar wa gida, masu kyan ki kai wa mai shayi. Marar ɓawo da wanda ya fashe ya taɓa kashi, ki zubar, kuma ki kwashe shi da wuri kafin kajin su ɗanɗana.

Maigidanki bai yi kuskure gaba ɗaya ba, sai dai lokacin ne bai yi ba. Kajinki sun kai wajen mako 66 zuwa 68 a duniya. Kaza tana manyanta ƙwanta na ƙara girma, amma ɓawon da take iya yi bai ƙaru ba, sai ya zama an shimfiɗa shi a kan babban ƙwai ya yi siriri. Gonaki da yawa sukan sayar da nasu daga mako 72 zuwa 80. Don haka ko kin gyara komai, kada ki sa ran 12 a kullum kamar da. In kin koma 8 ko 9 masu ƙwarin ɓawo, kin ci riba. Wasu ma za su shiga sauyin gashi na shekara, wanda ke farawa daga kai da wuya ya gangara ƙirji da fukafukai, su tsayar da ƙwai wata biyu zuwa uku, sannan su dawo da sabon gashi da ɓawo mai kyau. Ɓawo zai nuna miki sauyi cikin mako ɗaya zuwa biyu da gyaran abinci. Gashi sai haƙuri: wanda aka tumɓuke daga tushe zai tsiro cikin makonni, wanda ya karye ya bar kututture kuwa sai lokacin sauyin gashi.

Ki ba su mako uku a kan abinci mai kyau, sannan ki tace. Sabo da kaza ba ya hana yanka, amma kada ki zaɓa da ido, don ido zai yaudare ki. Sau da yawa mai sheƙin gashi da rawayan ƙafafu ita ce ta daina aiki, figaggiyar nan mai koɗaɗɗun ƙafafu ita ke biyan kuɗin Islamiyya. Ki kama kowacce ki laluba ƙasusuwa biyu masu tsini da ke gefen mafitar ƙwai. In yatsunki uku sun shiga tsakaninsu, wurin da laushi da danshi, zanko ja jawur, wannan tana yi, ki mayar da ita ɗaki. In yatsa ɗaya ne da ƙyar, wurin a bushe a tsuke, zanko ya yanƙwane, kuma ba sabon gashi take fitarwa ba, ki ɗaura mata zare a ƙafa. Ki sake lalubawa bayan mako guda. Waɗanda suka faɗi sau biyu su za ki kai kasuwa, ki tara kuɗinsu wuri ɗaya don sayen sababbin 'yan sagaru in damina ta sauka, kuma in kin kawo su ki ware su a wani wuri na mako biyu kafin su haɗu da tsofaffin. Ki rubuto mini abin da kika gani a faranti da abin da tsumman ya nuna.